Daga Agege Zuwa Oshodi: Ƙirƙirarrun Fasahohi Na Jiran Masu Jari

LEGAS — Babban titin nan da mutanen Ikko ke kira Agege Motor Road ya haɗa wurare biyu waɗanda kusan ba su san juna ba, ko da yake abinci ne sana'ar kowannensu. A can gefen arewa akwai zangon Hausawa na Agege da mayankar Oko-Oba, inda ake sauke shanun da aka kwana a hanya da su daga kasuwannin Arewa, inda kuma mahauta ke shanya kilishi a rana kamar yadda iyayensu suka yi a Kano da Sakkwato. A Oshodi kuwa, daf da tashar Cappa, akwai Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya, wato FIIRO, wadda aka kafa tun 1956 domin ta nemo hanyoyin sarrafa albarkatun ƙasar nan da injuna. Tun daga 2024 da aka ƙaddamar da sabon layin jirgin ƙasa na Jihar Legas, tashar Ikeja kaɗai ce tsakanin Agege da Oshodi.

Duk da wannan kusanci, da wuya a ga ɗan kasuwar Agege ya ɗauki jarinsa ya nufi Oshodi yana tambayar wace fasaha ce ta sayarwa. A ɓangare guda ga masu kuɗi da kasuwa, a ɗaya ɓangaren ga masu bincike da takardu cike da durowa. Abin da doka ta tanada domin ya haɗa su shi ne takardar mallakar ƙirƙira, wadda a turance ake kira patent, kuma ita ce abin da yawancin 'yan kasuwarmu suka fi jahilta a cikin takardun ciniki.

Goro ne ya kawo Hausawa Agege. A farkon ƙarni na 20 yankin gonakin koko da goro ne, kuma da layin dogo ya isa Kano a 1911, fatake suka ga ba sai sun yi tafiyar watanni zuwa Gwanja ba, tunda ga goro a bakin tasha, a ɗaure huhu a loda a jirgi. Daga goro aka shiga shanu da hatsi da sufuri da canjin kuɗi. Sai dai duk waɗannan sana'o'i iri ɗaya ne a asali: a ɗauko kaya daga inda yake da araha a kai inda yake da tsada. Ribar da ke cikin sarrafa kayan, wato mai da dawa abin sha na gwangwani ko mai da kalwa dunƙulen miya, ta daɗe tana tafiya aljihun manyan kamfanonin da ke Ikeja da Agbara.

Abin Da Doka Ta Ce

Ita dai takardar mallakar ƙirƙira ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da gwamnati. Shi zai bayyana sirrin abin da ya ƙirƙira a rubuce, dalla-dalla, har yadda wani masanin fannin zai iya bin bayanin ya ƙera irinsa. Ita kuma gwamnati za ta hana kowa ƙerawa ko shigowa da shi ko sayar da shi a cikin ƙasarta ba tare da izininsa ba, har tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da takardar nema. Bayan wannan wa'adi abin ya zama na kowa.

Dokar da ke aiki a Nijeriya ita ce wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1970, dokar soja mai lamba 60, kuma ofishin rajista yana Abuja ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Dokar ta gindaya sharuɗɗa uku: abin ya zama sabo wanda ba a taɓa bayyana shi ga jama'a a ko'ina a duniya ba, ya zama akwai hikima a cikinsa wadda ba kowane ma'aikacin fannin ne zai hango ta nan take ba, sannan ya zama ana iya amfani da shi a masana'anta ko aikin gona. Haƙƙin kuwa na wanda ya fara shigar da takarda ne, ko da wani ya riga shi tunanin. A nan maganar Hausawa ta tabbata, cewa wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Bugu da ƙari, akwai kuɗin da ake biya kowace shekara, wanda idan aka yi sakaci da shi har watanni shida na rangwame suka wuce, takardar ta mutu.

Akwai wani sashe na wannan doka da ya kamata kowane mai niyyar zuba jari ya haddace. Magatakardan ofishin rajista ba ya binciken ko abin da aka kawo masa sabo ne da gaske. Abin da yake dubawa shi ne ko takardun sun cika, ko an biya kuɗi, ko abu guda aka nema wa rajista. Dokar ta faɗa ƙarara cewa ana ba da takardar ne a kan kasadar mai ita, ba tare da gwamnati ta ba da tabbacin ingancinta ba. A Amurka da Ingila da Japan akwai ƙwararrun da ke zama su kwatanta kowace buƙata da abin da aka riga aka sani kafin a amince da ita, aikin da kan ɗauki shekaru. A nan sai an je gaban Babbar Kotun Tarayya ne ake sanin ko takarda tana da ƙarfi ko fanko ce. Saboda haka idan wani ya zo wa Alhaji a Agege da takarda mai hatimin gwamnati yana neman miliyoyi a kan injin da ya ce shi kaɗai ke da ikon ƙerawa, hatimin bai tabbatar da cewa injin sabo ne ba, balle ya tabbatar da cewa yana aiki.

Kilishi Na Wane Ne?

Tambayar da mahauta kan fara yi ita ce ko mutum zai iya yi wa kilishi rajista ya hana sauran yi. Amsar ita ce a'a. Yanka nama falle-falle, shanya shi, tsoma shi a labun tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono, sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta, duk wannan ilmi ne da aka gada, kuma tun a 1990 Farfesa John Igene da abokan aikinsa suka wallafa bayanin matakansa a mujallar kimiyya lokacin da suke Jami'ar Maiduguri. Abin da duniya ta riga ta sani ba ya zama mallakar mutum guda. Amma wanda ya ƙera sabon injin fere nama, ko ɗakin busarwa da ke hana ƙuda da ƙura ya kuma yi aiki da damina, ko hanyar ƙunshewa da ke hana man gyaɗa yin ɗaci bayan watanni, to yana da abin da zai kai Abuja. Damina kuwa a Ikko doguwa ce, kuma kowane mai kilishi a Agege ya san asarar da ranar hadari ke jawo masa.

Shi kuwa haɗin labu, wanda kowane gida ke da nasa, ya fi kyau a bar shi a ɓoye. Mai neman rajista dole ya bayyana sirrinsa, bayan shekara 20 kuma ya rabu da shi. Kamfanin Coca-Cola, wanda rabin sunansa daga goro ya samo asali, ya zaɓi ɓoye haɗinsa tun bayan fitowarsa a Atlanta a 1886, ya kuma tsare suna da tambari. Tambarin kasuwanci yana da tasa doka daban, ta 1965, kuma rajistarsa ta farko shekara 7 ce, ana sabunta ta duk shekara 14 ba iyaka. Ga mai kilishi ko yaji ko dambun nama da ya fara zuba kayansa a leda mai suna, wannan ce rajistar da ta fi gaggawa, domin sunan da ya yi kasuwa shi ake fara sacewa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wata hanya ta uku. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda rajista ɗaya a cikinta ke aiki a ƙasashe 17, yawancinsu masu magana da Faransanci. A 2021 ƙungiyar ta amince da kilishin Nijar da albasar Galmi a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da yankin da suka fito, ta yadda ba kowa ne zai liƙa wannan suna a kayansa ba. Manoman Galmi sun koyi darasi ne tun lokacin da wani kamfanin iri na Senegal, Tropicasem, ya nemi mallakar irin albasa da sunansu a shekarun 2000, aka yi ta ja-in-ja kafin ya janye sunan. Nijeriya ba ta cikin OAPI, kuma har zuwa 2024 ba ta da dokar musamman ta irin wannan kariya, ko da yake ana maganar daftarinta. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa ita ce takardar da aka samu a Abuja ba ta da ƙarfi a Maraɗi ko Kwatano, sai an sake nema a can. Yarjejeniyar Paris, wadda Nijeriya ta shiga a 1963, ta ba mai nema watanni 12 ya shigar da takardarsa a wasu ƙasashe ba tare da ya rasa ranarsa ta farko ba.

A Oshodi an daɗe ana irin wannan aiki. Masu binciken FIIRO ne, a zamanin shugabancin Dakta I. A. Akinrele, suka tsara sarrafa garin rogo da injuna tare da kamfanin Newell Dunford na Ingila, kuma su ne suka fito da Soy-Ogi a wajen 1970, wato kamun masara da aka haɗa da waken suya domin yaran da ake yayewa. Daga baya cibiyar ta yi aiki a kan burodin da ake gauraya fulawarsa da garin rogo, da kuma adana kunun zaki da zoɓo a kwalba, abubuwan da matan zango ke dafawa kullum su sayar a ƙulle-ƙullen leda, wanda bai ƙare ba a zubar da shi kashegari.

Tarihi ya nuna cewa irin wannan bincike ba ya fita daga ɗakin gwaji sai kasuwa ta matsa. Lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, ta kuma hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin abin sha na Legas ba su da zaɓi sai suka koma ga dawa, wadda masu bincike suka daɗe suna cewa za ta iya. Nan da nan dawar Kano da Katsina da Kaduna ta zama kayan masana'anta. A cikin shekarun 1990 kuma kamfanin Cadbury da ke Ikeja ya fito da dunƙulen miya mai suna Dadawa. Dillalan hatsi na Arewa sun samu ciniki, babu shakka, amma iyakarsu bakin ƙofar masana'anta, su sauke buhu a biya su.

Darasin Asibiti

A fannin lafiya akwai labarai biyu da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko shi ne na likitan soja, Dakta Oviemo Ovadje, wanda a 1989 ya fito da wata na'ura mai suna EAT-SET. Idan ciki ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, jinin mace kan malala cikin cikinta, kuma sau da yawa takan rasu ana neman jinin da za a ƙara mata. Na'urar tana zuƙo wannan jini, ta tace shi, a mayar wa mai shi, ba tare da dogaro da wutar lantarki ba. Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa wa aikin, kuma a 1995 ya samu lambar yabo ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da Hukumar Kare Mallakar Fasaha ta Duniya. Lambar yabo dai ba ta gina masana'anta. Ƙera kayan asibiti da yawa yana buƙatar injunan zuba roba, ɗakin kashe ƙwayoyin cuta, gwaji a asibitoci, da dillalan da za su kai kaya lungu-lungu, kuma wannan aikin masu jari ne.

Na biyu ya fi kusa da rumfar mai kayan ƙamshi. A shekarun 1990 Cibiyar Binciken Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa da ke Idu, Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗin gargajiya na cutar sikila daga hannun wani malamin coci mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, ta gwada shi, ta daidaita ma'auninsa, ta sa masa suna Niprisan. Uku daga cikin abubuwa huɗu da ke cikinsa kowace kasuwar Hausawa tana da su: masoro, kanumfari da karan dafi. A 1998 Amurka ta ba da takardar mallaka a kansa, kuma an sa sunan mai maganin a cikin waɗanda suka ƙirƙira, abin da ba a saba gani ba a lokacin. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisin sarrafa shi, a 2006 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shi da sunan Nicosan. Bayan shekara biyu uwar kamfanin ta faɗa fatara, a 2009 gwamnati ta karɓe lasisin, maganin ya yi ƙaranci a hannun iyayen da suka riga suka dogara da shi. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker na Legas, wato a daidai lokacin da wa'adin takardar Amurka ya riga ya ƙare. Kusan rabin shekarun kariyar sun tafi a banza, saboda an ɗora dukkan kaya a kan raƙumi guda.

Na'urorin ɗaukar hoton jiki kuwa kusan dukkansu daga waje suke zuwa, kuma a can ne ake ganin irin kuɗin da ke cikin waɗannan takardu. Wilhelm Röntgen, Bajamushen da ya gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a 1895, ya ƙi neman mallaka, ya bar wa duniya. Waɗanda suka biyo bayansa ba su yi wannan kyauta ba. A 1997 kamfanin General Electric ya biya ƙaramin kamfanin Fonar na Dakta Raymond Damadian dala miliyan 128.7 bayan kotu ta same shi da shiga haƙƙinsa a kan na'urar hoton MRI. Sai dai shekara 20 ba ta da wuyar cika. Takardun farko-farko na na'urar CT, wadda kamfanin EMI na Ingila ya fito da ita a farkon shekarun 1970, da na na'urar duba ciki, duk sun daɗe da mutuwa, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka ba kamfanonin Sin irin su Mindray damar shiga kasuwar da farashi mai sauƙi, har ƙananan ɗakunan gwaji a unguwanni suka iya mallakar na'urar duba masu juna biyu.

A nan ne wata dama take wadda ba ta buƙatar lauya ko lasisi. Tunda kowace takarda tana ɗauke da cikakken bayani da zane, kuma tunda ƙarfinta bai wuce iyakar ƙasar da aka yi mata rajista ba, miliyoyin takardun da wa'adinsu ya ƙare, ko waɗanda masu su ba su taɓa neman kariya a Nijeriya ba, halal ne a karanta su a ƙera abin da ke cikinsu domin kasuwar gida. Ana samun su kyauta a intanet, a rumbun Patentscope na Hukumar Kare Mallakar Fasaha ta Duniya da Espacenet na ofishin Turai. Injin yanka nama, injin matsar man gyaɗa, tanderun busar da tumatir da tattasai, duk an yi musu zane iri-iri tun shekaru aru-aru. Ɗan kasuwar da ke da ɗa injiniya a gida da maƙeri a Panteka ta Kaduna ya riga ya mallaki rabin abin da ake buƙata. Abin lura kawai shi ne a fara bincikawa a ofishin Abuja ko akwai takarda mai rai a kan abin, musamman tunda Nijeriya ta shiga yarjejeniyar PCT a 2005, wadda ta sauƙaƙa wa kamfanonin waje neman kariya a nan.

Ga wanda ya fi son sayen fasahar da masu bincike na gida suka riga suka gama, ƙofar shiga ita ce hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979 aka kuma ba ta sunanta na yanzu a 1992. Ita ce ke rajistar yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga waje, tana kuma taimaka wa masu bincike wajen samun takardun mallaka, ta buɗe ofisoshi a jami'o'i da cibiyoyin bincike domin haka. Kafin kuɗi su fita daga aljihu, lauyoyin fannin kan ba da shawarar a duba ranar da aka shigar da takardar domin a san shekarun da suka rage mata, a ga rasiɗin kuɗin shekara-shekara, a kuma tabbatar da ainihin mai ita, domin a doka abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne. Malamin jami'a na iya zama shi ya ƙera injin, amma sa hannun jami'arsa ake buƙata. Yarjejeniyar lasisi dole ta kasance a rubuce, a kuma yi mata rajista, in ba haka ba ba ta da ƙarfi a kan wani na uku. Cinikin amana na baka, wanda ya riƙe kasuwar goro da ta shanu shekara ɗari, ba ya aiki a nan.

Haka kuma a fayyace ko lasisin na mutum ɗaya ne ko za a ba wasu, da kason da mai fasaha zai riƙa karɓa daga ciniki, da abin da zai faru idan mai lasisi ya kasa fito da kaya, domin kada a maimaita labarin Nicosan. Dokar 1970 ma ta ba kotu ikon tilasta ba da lasisi idan mai takarda ya zauna a kanta ba ya aiki da ita, bayan shekara 4 da nema ko shekara 3 da bayarwa.

Bayan duk wannan akwai sauran mataki guda. Takardar mallaka ba izinin sayarwa ba ce. Duk abincin da aka ƙunshe da suna, da magani, da kayan asibiti, sai sun samu lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma jami'anta kan ziyarci wurin aiki su ga ruwa da ƙasa da rufi da tufafin ma'aikata kafin su karɓi samfur. Babban ɗakin gwajin abinci na hukumar a Legas shi ma yana Oshodi ne.